Simintin da na yi wa ɗakin Yaya Isufu

Bazarar bana ta cika shekara goma sha ɗaya da rasuwar yayana Isufu, wanda mutanen Tsibiri suka fi sani da Mushe Isufu, kamar yadda ake kiran malamin boko a ƙasarmu, don koyarwa ce sana'arsa tun yana saurayi har ya ajiye alli. Ni ƙanensa ne, Lawali, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma in ka taɓa sayen siminti ko tol, wato kwanon rufi, a Maraɗi, ba mamaki ka taɓa tsayawa a ƙofar shagona. Duk shekarun nan ban taɓa rubuta komai a kansa ba. Addu'a nake yi masa, in yi sadaka, in leƙa iyalinsa, shi ke nan. Bana ne na ga shirun ya isa, domin abin da ya sami gidan tarihin da ya bari da hannuna a ciki, kuma gara a ji daga bakina.

Bara komiten da ke kula da gidan ya samu tallafi don a faɗaɗa shi a yi masa gyara. Filin na gadonmu ne, kuma ni ne babba a gida yanzu, saboda haka ba a haƙa ko rami ɗaya sai na sa hannu. Aka kawo mini zane biyu. A na farko za a rushe ɗakin ƙasar da Yaya ya gina a share wurin a yi sabon gini. A na biyu za a bar ɗakin a tsaye, sabon gini ya kewaye shi. Aka ce in zaɓa.

Wanda bai san gidan ba zai yi zaton wani katafaren wuri ne. Ɗaki ne guda mai tsawo, na tubali, da ginshiƙi biyu a tsakiya da rufin azara, a bakin gonar mahaifinmu da ke gefen gari. Asalinsa wata ranar kasuwa ce Yaya ya ga mai sayen tsofaffin ƙarafa yana jan uwar maƙera zai ɗora a sikeli. Ya san maƙerin da ya yi aiki a kanta, ya san ya rasu, sai ya fanshe ta ya ɗaure a bayan mobilet ɗinsa, ɗan ƙaramin babur, ya kai wa jikokin mutumin. Suka ce ai su suka sayar, wuri kawai take tare musu. Ya dawo da ita gida ransa a ɓace. Daga ranar ya shiga bin ƙauyukan da ya taɓa koyarwa yana tambayar abin da ake shirin zubarwa: zugazugi, mazarin kaɗi, akushi, hauya mai doguwar ƙota, sikelin zamanin cinikin gyaɗa, har da wani ƙyauren itace da aka hauro da shi daga tsohon garin Maraɗi na cikin kwari. Da matarsa ta rasa inda za ta ajiye turmi a tsakar gidanta, sai ta ce ko kayan su fita ko ita ta fita. Daga nan ne ya gina ɗakin.

Ni da shi ba mu taɓa ganin duniya iri ɗaya ba. Shi in ya ga tsohon abu sai ya tambayi wa ya yi aiki da shi, ni kuwa in na gani sai in tambayi me ya hana a canja shi. Yana ce mini Alhaji Buhu, ina ce masa Sarkin Tarkace, kuma haka muka tsufa muna son juna.

Yana da doka ɗaya da bai taɓa sassautawa ba. Ba ya karɓar kyautar kaya. Duk abin da ya shiga ɗakin ajiya ne, mai shi yana nan a matsayin mai shi, kuma duk gidan da ya kawo abu sai an yanka masa rabonsa na bango daga waje. Da farko gaba guda ce, wato iyakar buɗewar hannuwa biyu, da gidaje suka yi yawa rabon ya koma kamu uku, wani ma biyu. Kowace bazara, kafin ruwan farko, sai ya sa rana. Kowane gida ya zo da ƙaiƙayinsa da kashin jakinsa, a kwaɓa ƙasa tare, kowa ya yaɓe rabonsa. In an gama an wanke hannu, sai a shiga ciki, kowa ya sauko da kayan gidansu ya kaɗe ƙura, ya nuna wa ƴaƴansa yadda ake riƙewa. Nan gardama take tashi. Wannan ya ce kakansa ne ya fara kawo irin wannan garma, wancan ya ce ƙarya ne, a wurin kakansa aka ara. Yaya yana zaune a kan dakali da kaye, wato littafin rubutu, a cinya, yana rubutu yana dariya.

Ni abinci nake aikawa da goro, in zo da hantsi in tsaya a inuwa in yi musu sannu. Ganin dattawa cikin taɓo har gwiwa yana ba ni kunya, a ce ɗan'uwan mai sayar da siminti ne yake tara mutane suna wannan aiki. Wata shekara na ja shi gefe na ce, “Yaya, ka bar ni in yi mishi siminti sau guda a huta. Wagga wahala ta kowace shekara ta mi ce?”

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “Lawali, in anka huta, wa za shi zo?”

Na ɗauke ta a irin maganar malaman lakwal, wato makarantar boko, waɗanda ba sa iya ba ka amsa sai sun mayar maka da tambaya. Ban sake tayar da zancen ba, amma ban bar shi a zuciyata ba.

Ya rasu bayan gajeriyar jinya. Mutuwarsa ta buge ni fiye da yadda na nuna, kuma ni mutum ne da in baƙin ciki ya kama shi sai ya nemi aikin yi. Da rani ya zagayo na ɗauko masu gini daga Maraɗi, muka buga ragar waya da ƙusoshi a bangon ɗakin duka huɗu, muka yi masa siminti hawa biyu, muka shafa fenti ruwan ƙwai, na sa aka rubuta sunansa a saman ƙofa. Ban yi shawara da kowa ba, don a ganina wa zai ƙi a mutunta mamaci? Duk wanda ya wuce sai ya yaba. Aka riƙa cewa Alhaji ya riƙe zumunci, ya fitar da ɗan'uwansa kunya. Na ji daɗin wannan magana ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Abin da ban yi ba shi ne aika wa masu kaya labari. Da bazara ta yi sai ga su sun zo kamar yadda suka saba, wasu da amalanken jaki cike da ƙaiƙayi. Suka tsaya cirko-cirko a gaban bango mai fenti. A cikinsu akwai Baba Nomau, manomin rani daga Jiratawa, wanda jigon ban ruwa na mahaifinsa yake ɗakin, kuma rabonsa yana bangon gabas. Ya matsa ya shafa simintin da tafin hannu, ya ce, “Sannu da ƙoƙari, Alhaji. Ya yi santsi.” Na ce masa ai yanzu kun huta. Suka ci abinci, suka yi wa mamaci addu'a, suka juya da ƙaiƙayinsu. Shekarar da ta biyo mutum kaɗan ne suka leƙo, daga nan kuma ba wanda ya sake zuwa. Gidan ya koma hannun mai gadi, yana buɗe wa ƴan lakwal in an kawo su, yana nuna musu kaya yana faɗin sunayensu, wani daidai wani kuskure.

Haka aka yi shekara tara, ni kuwa ina ganin na gama da wannan babi.

Mai zanen gine-ginen da komite ya ɗauko mace ce, Madam Hadiza, sa'ar babbar ɗiyata. Ranar da ta fara zuwa na yi zaton za ta tsaya a nesa ta ɗauki hoto ta tafi biro, wato ofis. Sai na ga ta ajiye jaka ta zagaya ɗakin sau biyu a ƙasa, tana duban inda indararo ke zubar da ruwa da inda ƙasa ta gangara. A zagaye na uku ta ciro makullin motonta, wato babur ɗinta, tana ƙwanƙwasa bango, taki ɗaya ƙwanƙwasa ɗaya. Da ta kai gabas sai ta tsaya ta ce, “Baba Alhaji, taho ka ji.” Ta buga, sai bangon ya amsa da ƙarar fanko, kamar an bugi tulun da ba ruwa.

Ta yi mini bayani a tsaye a wurin, ba tare da ta ɗaga murya ba. Bangon ƙasa yana shan ruwa da damina, rana ta fito ya bushe, haka yake rayuwa. In aka rufe shi da siminti, simintin yana tsagewa ko yaya ne, ruwa ya shiga ta tsagar, damshi kuma ya hauro daga ƙasa, duka biyun su rasa hanyar fita. Sai ƙasar ta riƙa ruɓewa a ɓoye, gara ta samu gida, daga waje kuwa fenti yana ƙyalli. Ba ta tambayi wanda ya yi aikin ba. Ina jin mai gadi ya riga ya gaya mata. Ni da na yi shekara talatin da ɗoriya ina sayar da siminti, na sha ganin bangon ƙasa mai irin wannan riga ya zube, kullum sai in ce magini ne bai iya aiki ba. Ranar na koma gidana a unguwar Zariya ta Maraɗi ban iya cin abincin rana ba.

Bayan wata guda ta dawo da zanenta a manyan takardu, da ɗan ƙaramin gini na kwali don waɗanda ba su iya karanta zane ba, irina. Muka zauna da komite a gindin dogon yaro. Zanen biyu sun yi tarayya a abubuwa da yawa: zaure babba na kayan noma, wani na kayan sana'o'in hannu, ɗakin ajiya, rumfar da aji guda zai zauna a inuwa, makewayi, hanya mai gangare don masu keken guragu da tsofaffi, da wani ƙaramin ɗaki mai kaurin bango inda za a riƙa ɗaukar muryar dattawa. Madam ta sa ginin ya juya wa gabas baya saboda daga can ruwa da iska suke dukan gini a ƙasarmu, ta sa tagogi a sama don zafi ya fita ba sai an dogara da lantarki ba. Bambancin ɗaya ne. A na farko ɗakin Yaya ya ɓace, an samu fili mai faɗi a tsakiya. A na biyu ɗakin yana nan, an yi masa magudanar ruwa a kewaye, an cire masa siminti ya koma ƙasa tsirara.

Yawancin ƴan komite na farko suka so, kuma ba don mugunta ba. Ya fi yalwa, kuma ba ya ɗora wa kowa aikin shekara-shekara. Suka juyo suna dubana, suna zaton ƙanen mamaci zai yi tirjiya. Ba su san ni ma na farkon nake so ba. Dalilina kuwa ba na kirki ba ne. In aka kawo katafila ta ture ɗakin a yini ɗaya, ba wanda zai ga abin da ke bayan fentin. In kuwa aka ce a ɓamɓare simintin a hankali, to duk Tsibiri za ta zo ta kalli ɓarnar da na yi. Kunya nake gudu, na kuma sa mata sunan ci gaba.

Na sha tambayar kaina abin da Yaya zai ce da ya ga waɗannan takardu. Masu zaton shi maƙiyin sabon abu ne ba su san shi ba. Da ya ga ɗakin ɗaukar murya da ya yi murna kamar ranar salla, don kullum kukansa alƙalami ba ya cim ma bakin tsofaffi. Da ya ga hanyar nan mai gangare da ya sa wa Madam albarka. Inda za su yi rigima shi ne akwatunan gilashi da ta zana masu kulle, domin shi bai yarda a raba mutum da kayan kakansa ba. Da na gaya mata haka, daga baya ta sake su, ta yi masu buɗewa. Amma a kan ɗakin kansa ban san me zai ce ba, kuma ba na so in sa masa magana a baki don ta yi mini daɗi.

Madam ce ta ƙi bari in sa hannu a ranar. Ta ce ko wanne aka zaɓa sai an kwashe kaya kafin aiki, kuma tunda an ce ajiya ne, sai an san masu su. Game da na biyu kuma ta yi mini magana ba kwana-kwana. Ta ce, “Ni zane na iya, Baba Alhaji, ban iya yaɓe ba. In babu masu zuwa kowace bazara, kada ka sa hannu gare shi. Shekara kaɗan za shi koma tsibin ƙasa, a ce ni na kashe shi.”

Na je wurin matar Yaya ta ciro mini kayen nasa daga cikin akwati. Ban taɓa buɗe su ba. A shafin farko na babban cikinsu sai na ga shi ma ya yi nasa zanen, da jan biro da abin ja layi irin na ƴan lakwal: bango huɗu, kowanne an yanka shi gida-gida, kowane gida da sunan mai shi da garinsu. Na zauna ina bin sunayen da yatsa. Waɗannan mutane ne na yanke wa hukunci sau ɗaya ban tambaye su ba, ga shi ina shirin yi musu na biyu. Na rufe kayen na ce ko me za a yi, sai na taka na je ƙofar kowa.

Sati uku na yi ina wannan yawo, ina barin shago da azahar. A Tsibiri na fara da Malam Yakubu, Kirista ne manomi, abokin Yaya tun suna aji ɗaya, mazarin mahaifiyarsa ne a ɗakin. Bai bari na gama bayani ba ya ce yana ciki, kuma ran Lahadi zai faɗa wa nasu mutanen da ke da rabo. Wasu gidajen na tarar mai sunan ya rasu, ƴaƴansa ba su ma san suna da kaya a wurin ba. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, domin shekarun da na rufe bangon su ne shekarun da ya kamata a ce an kawo su sun ji daga bakin iyayensu. Wani ya ce mini a fili shi ba shi da lokacin wasa da taɓo, a riƙe kayan ya yafe. Ban ji haushinsa ba, ai maganata ce ta dā yake maimaita mini.

Jiratawa na bari a ƙarshe, don Baba Nomau nake jin nauyi. Na same shi a garkarsa, zaune a bakin fangalin zogale, injin ban ruwa yana ta ƙara a gefe. Ya tsufa ƙwarai, ido ya yi rauni, amma da na yi sallama ya gane murya. Bayan gaisuwa na faɗa masa abin da Madam ta gano, ban rage komai ba. Bai nuna mamaki ba. Sai na ce, “Baba, kun san haka za ta faru?”

Ya ce, “Duk wanda ya taɓa zama ɗakin ƙasa ya sani.”

“To don mi ba ku ce mini komi ba rannan?”

Ya ce, “Mu ce mi? Kai ka rasa ɗan'uwa, ka yi abin da zuciyarka ta ba ka, aiki kuma ya riga ya bushe. Wa za shi dubi mai makoki shi ce mishi ya yi ɓarna? Munka ce Allah shi ba ka lada, munka koma gida.” Sannan ya ƙara da cewa, “Amma hwa ka kore mu, Alhaji. Da ladabi ka kore mu.”

Na ba shi haƙuri. Na tambaye shi in an cire simintin ko zai dawo. Ya ce in dai ƙasa za a taɓa yana zuwa, hannu bai mutu ba tukuna, in ya gaza kuma yana da ƴaƴa. Da na haɗa gidajen da suka amsa, sun haura rabin waɗanda ke cikin kayen. Na kai wa Madam sunayen, ta karanta ta ce sun isa a fara. Na sa hannu a zane na biyu, ƴan komite suka bi, wasu da murna wasu don ganin idona.

Bayan an gama girbi aka kwashe kaya zuwa wani ɗaki da aka ara, aka tokare azara da itatuwa daga ciki, masu gini suka fara ɓamɓarar siminti da ƙananan gudumomi. Mutane sun zo kallo kamar yadda na ji tsoro, ni ma na zo na tsaya a gabansu, tunda ba inda zan ɓuya. Bangon yamma ya fito lafiya. Na arewa da na kudu sun ci daga gindi, gara ta yi hanyoyi, amma Madam ta ce za su ɗauki gyara. Rana ta huɗu aka kai gabas. Ana ɗaga ragar waya sai ƙasa ta fara zubowa kamar gari daga buhun da ɓera ya huda. Madam ta daka tsawa kowa ya ja baya. Muna tsaye muna kallo, kafin la'asar bangon ya zauna gaba ɗaya, ya tafi da wani sashe na rufi. Ba wanda ya ji rauni, alhamdu lillahi. Ni dai hawaye suka zubo mini a gaban ma'aikata, ban kuma share ba. Bangon da yayana ya ɗora da hannunsa ne, damina goma sha tara ba ta kayar da shi ba, ni na kayar da shi.

Washegari Madam ta kira ni ta nuna mini wani guntu da ya faɗo bai farfashe ba, girmansa bai wuce faifai ba. Ta juya shi ta gefen da ya karye. Sai ga yaɓen shekaru a jere, hawa kan hawa, wani ja wani fari-fari gwargwadon inda aka ɗebo ƙasar shekarar, da ƙaiƙayi a tsakani. Na ƙirga su, goma sha tara cif, sannan simintina a kai da fentinsa. Ta ce tana so ta sa guntun a sabon zaure, don masu zuwa su ga yadda ake riƙe ginin ƙasa da yadda ake kashe shi, amma ba za ta sa ba sai na yarda. Na ce ta sa. Ta tambayi abin da za a rubuta a ƙarƙashinsa. Na ce ta rubuta cewa Lawali ƙanen Mushe Isufu ne ya rufe wannan bango, don ƙauna ya yi, kuma bai tambayi kowa ba.

Yanzu da nake wannan rubutu an haƙa tushen sabbin zaurukan, bangon gabas kuma ya kusa kai rufi. Da ƙasarsa ta dā ake tayar da shi, an jiƙa ta an sake kwaɓawa an yi tubali. Ɓaraguzan simintina kuwa ba su yi amfanin komai ba sai cike wani rami a bakin hanya. In na auna abin da ya rage na Yaya, ba na cewa kayan ne, domin uwar maƙera da akushi ana samunsu a wasu wurare. Ba na cewa ginin ne, tunda kashi ɗaya cikin huɗu ya riga ya tafi. Abin da na ga ya rage shi ne mutanen da ya ɗaure da aikin da ba ya ƙarewa, waɗanda aka sallama shekara tara, aka je ƙofarsu sau ɗaya suka ce suna zuwa. Allah Ya yi masa rahama, Ya yafe masa, Ya yafe mini abin da na yi wa amanarsa.

Makon jiya aka kawo Baba Nomau a bayan moto don ya ga inda aiki ya kai. Ya bi sabon bangon yana lalube daga kusurwa, yana awo da kamu, har ya tsaya ya ce nan ne nasa. Aka ba shi labarin guntun da za a sa a zaure. Ya sa aka miƙa masa, ya shafa shi ta gefen ƙasar, ya shafa ta gefen simintin, sannan ya juyo inda yake jin muryata.

Ya ce, “Wanga kayan wa ne?”

Na ce nawa ne, Baba.

Ya ce, “To ka san dokar Mushe. Ba a aje kaya a tahi.”

Ya auna mini kamu biyu kusa da nasa, a bangon gabas, inda ruwa ya fi duka. An sa ranar yaɓe Asabar ta sama. Ya ce in zo da sassafe, in kuma zo da ƙaiƙayina, don shi ba zai ba ni aro ba.